Mai Riƙe Lahadi

Ranar Litinin da safe na tarar da Istifanus a rumfa ta uku, ya durƙusa yana duba ƙarƙashin ganyen tumatir. Ban gaishe shi ba. Shekara huɗu ke nan tun da muka fara soyayya a jami'a, ban taɓa tsayawa a kansa babu gaisuwa ba sai ranar.

"Jiya ma ba ka zo sujada ba," na ce.

"Aiki ne, Afiniki."

"Lahadi bakwai a jere?"

Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushin nan nasa da a da yake kashe min jiki, ya ce in miƙo masa farantin shuka. Na juya na fita.

Kamfanin da muke wa aiki yana rainon tumatir da tattasai kusa da Tiga, a cikin rumfunan leda biyar, manoman Bebeji da Kiru su zo su saya su dasa. Tsiro ba ya hutu, don haka ko ranar Lahadi sai mutum biyu sun zo ban ruwa. Istifanus ya riga ni shiga da shekara guda. Ni kuwa sai da na gama hidimar ƙasa na yi zaman gida wata tara kafin a kira ni.

Babana dattijo ne a cocinmu, a wani ƙauye bayan Tudun Wada. Da na kai masa takardar ɗaukar aiki ya karanta sau biyu, sannan ya ce, "Ranar da aikin nan ya hana ki sujada, ranar za ki ajiye shi." Baba ba ya maimaita magana. Na gaya wa Istifanus ina kuka, na yi azumi kwana uku. Da aka liƙa jadawalin aiki a bango na bi layin Lahadi da yatsa har ƙasa, babu sunana. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, sai ga ni na miƙe a gaban jama'a ina ba da shaida cewa Allah ya amsa addu'ata. Matan zumuntar coci har da guɗa.

Sunan da ke layin nan shi ne na Istifanus. Kusa da shi kuma, kowane mako, Bahijja.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Iyayensa sun zo daga Doguwa sun yi gaisuwa, sun kawo takardar shaida daga fastonsu. Dattawanmu suka ce sai ya yi sujada tare da mu wata uku, an ga kamun ludayinsa, kafin a fara sanarwar aure. Sau biyu ya zo ya zauna a bencin maza. Daga makon da na kama aiki ba a sake ganinsa ba.

Sati ɗaya aka ɗauke mu ni da Bahijja. 'Yar Bebeji ce, doguwa, mai saurin dariya, irin mutanen da kwana biyu ya ishe su sanin sunan kowa. Ni idan an tashi cin abinci bayan rumfa nake komawa ni kaɗai, don hirar ofis tana ba ni kunya. Amma ina gani. Na ga tana kiransa Malam Isti. Na ga ranar Litinin cokali biyu a wanke a kan tagar ofis. Na ji ta hana mai abinci zuba masa yaji, ta ce ba ya so, abin da ni sai da na shekara da shi na sani.

Wata Talata muna cika faranti da ƙasa, na ji tana rera wani sauti a hanci. Waƙar cocinmu ce, wadda Istifanus ya fi so. Ina Bahijja, da ko ƙofar coci ba ta taɓa takawa ba, ta samo ta? Na ji kamar an zuba min garwashi a ƙirji.

Ubale direba ne ya ƙarasa ni. Yana kai mu Kiru da kaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko manaja ne yake matsa wa Istifanus da aikin Lahadi. Ya yi dariya ya ce wane matsi, ai a gabansa mutumin ya shiga ofis ya roƙa a ba shi, har da rusunawa.

Shi ya roƙa...

Ranar Asabar da yamma na je gida. Baba yana zaune a gindin mangwaro yana ɓarar masara. Bayan na durƙusa na gaishe shi ya tambaye ni, a natse, me ya sa yaron nan ya ɗauke ƙafa, don dattawa sun fara tambaya. Da na yi shiru kamar yadda na saba, da ba a kai ga haka ba. Amma bakina ya riga ni.

"Baba, sai dai a tambayi wadda yake wuni da ita ranar Lahadin."

Ya ajiye masarar. Ya tambayi sunanta, na faɗa. Bai ɗaga murya ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar shaidar nan ya sa ta a aljihun rigarsa da ke rataye, ya ce ranar Laraba zai mayar da ita Doguwa da kansa. Inna ta dube ni daga bakin murhu, kallon da na kasa ramawa.

Ranar Litinin Istifanus ya riga ya ji, don Baba ya kira kawunsa a waya. Ya wuce ni da bokiti biyu, idonsa jajir, bai ce min komai ba. Na so ya yi faɗa. Da ya yi, da na samu abin riƙewa.

Bahijja ce ta biyo ni bayan rumfa da rana. Ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu, babu dariyar nan ko kaɗan.

"Ke wai me na yi miki? Wata biyu ina gaishe ki kina amsa min da hanci."

Na sunkuyar da kai na ce babu komai, sai dai in ta ga dama ta riƙe Istifanus har da Litinin ɗin.

Sai ta kama hannuna ta ja ni ofis, ta buɗe durowa ta fito da wata tsohuwar takarda. Jadawalin farko ne, wanda ba a liƙa ba. A layin Lahadi sunana ne kusa da nata, an soke shi da jan biro, an rubuta nasa a sama.

Ta ce a wurin nan sabon ma'aikaci shi yake riƙe Lahadi wata shida, kowa ya sani, ni kaɗai ce ban sani ba saboda ba na zama cikin mutane. Ta ce kowace Lahadi ƙarfe tara sai Istifanus ya kashe famfo, ya kifa bokiti a rumfa ta biyar ya zauna da littafinsa, ya yi ta waƙa shi kaɗai har goma da rabi.

"Murya kamar injin ban ruwa," ta ce. "Dole na haddace. Kuma ni da aka sa min rana da Khalifa bayan salla, me zan yi da mutumin da yake wa tumatir waƙa?"

Ƙarfe tara. Daidai lokacin da muke shiga sujada.

Na same shi a rumfa ta biyar. Daga bakin ƙofa na ce, "Me ya sa ba ka gaya min ba?"

Bai juyo ba. "Kin tashi a gaban jama'a kin ce Allah ya amsa miki. Farin cikin da na gani a fuskarki ranar... sai in zo in ce ni na je na roƙi manaja? Kuma da kin sani ba za ki yarda ba. Da kin bar aikin."

"Masoyina, na ɓata komai." Na faɗa masa duk abin da na gani, har cokali biyun nan na tagar ofis.

"Abin da ya fi min ciwo," ya ce, "shekara huɗu, amma cokali biyu suka isa."

Ban jira Asabar ba. Ranar Talata na nemi izini da rana na hau mota zuwa Tudun Wada, na ƙarasa a acaɓa. A hanya na san abin da zan rasa: in na faɗi gaskiya, Lahadin tawa ce, kuma Baba ya riga ya yanke hukunci a kanta.

Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, har da kishin. Na ce daga yau zan karɓi Lahadina, in ya ce in ajiye aikin zan ajiye, amma kada ya mayar da takardar mutumin da bai yi laifi ba.

Baba ya tambaye ni ƙarfe nawa yaron yake zama a kan bokitin. Na ce tara. Ya gyaɗa kai.

"Ni na ɗaure ki da magana, shi kuma ya ɗauki kayan," in ji shi. Ya ce mu raba, Lahadi ɗaya ni, ɗaya shi, har wata shidan su cika, shi zai yi wa dattawa bayani. Amma da sharaɗi biyu: in tashi a coci in cika shaidar da na bayar rabi, kuma in nemi gafarar 'yar mutane da na ambaci sunanta.

Na yi duka biyun. Na biyun ya fi sauƙi, don Bahijja tun kafin in rufe baki ta ce hukuncina shi ne in riƙa cin abinci tare da su. Shi kuwa Istifanus sai da ya yi mako biyu kafin ya sake kirana da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi.

Sanarwar aurenmu ta farko ta faɗo a Lahadin da nake aiki. Ƙarfe tara na kashe famfo na kifa bokitinsa na zauna. Istifanus ya kira ni ya bar wayar a buɗe cikin aljihunsa, na ji motsin benci, na ji tarin Baba, sannan muryar fasto tana kiran sunana da nasa. Hawaye ya sauko min. Bahijja da ke can ƙarshen layi ta saki tiyo ta rangaɗa guɗa har ledar rumfar ta amsa.

Da aka fara waƙa ta wayar sai Bahijja ta kama bi a hanci. Wani ɗan abu ya sake motsawa a ƙirjina, ba zan yi ƙarya ba.

"Ba haka ake rera ta ba," na ce.

"Haka ya koya min."

"Shi ma bai iya ba. Matso in gyara miki."