Hatimin Injin Markaɗe

Da hantsi injin Tatsa-Girgije ya fara aiki. Fikafikansa na azurfa suka buɗe a saman Sabuwar Funtuwa suna zuƙo danshin sama, sai ga ruwa garau yana gangarowa ta bututun gilashi, a tsakiyar bazara! Jama'a suka yi cirko-cirko, baki buɗe, wasu na tasbihi. Injiniya Tasi'u, wanda ya ƙera shi, yana murmushi, amma idonsa na kan gindin injin, shi kaɗai ya san dalili.

A wannan birni ko butar shayi ba ta shan wuta sai da Hatimin Aminci. Ɗan ƙarfe ne kamar maɓallin riga, Hukumar Amincin Lantarki ke manna shi bayan ta gwada na'ura, shi ke gaya wa layin wutar gari cewa an duba wannan, a ba ta wuta. Da Tasi'u ya nemi nasa, aka ce gwaji sai bayan damina. Injin ruwa, a ce sai bayan damina? Mutumin da yake ganin ya fi masu gwajin ilimi, ina zai iya wannan haƙuri! Sai ya shiga ɗakin ajiya, ya ɓamɓaro hatimin tsohon injin markaɗen mahaifiyarsa, marigayiya Inna Tambai, ya manna a gindin Tatsa-Girgije. Wuta kuwa ta zo.

Abin da bai lissafa ba shi ne Baffa Ilu, ƙanen mahaifinsa da ya riƙe shi tun yana maraya. Mutanenmu ai ba sa fara amfani da sabon abu, mota ce ko riga, sai babba ya ɗora hannu ya sa albarka. Tsohon ya ratsa taro da sandarsa, ya tuɓe takalmi don kada su jiƙe, ya taka ruwan da ya malala, ya nufi injin. Tasi'u ya sani sarai gangar jikin injin ba a killace take ba, wutar da ke yawo cikinta ta isa ta babbake bijimi. Don sararin sama ya zana shi, bai taɓa kawowa wani zai taɓa ba. Ya buɗe baki zai yi ihu, amma ya makara. Baffa ya miƙa hannu.

Komai ya tsaya cak. Fikafikan suka daskare a sama, ruwa ya ɗauke. Ɗan hatimin ya yi ja, wata murya mai sanyi ta fito daga cikinsa, wadda Tasi'u ya sha ji yana yaro a zauren markaɗe: "Hannu ya kusa. Na tsaya."

Ashe tsohuwar dokar injin markaɗe ce, wadda aka kafa saboda matan da ke tura gero da yatsu: dole wuta ta yanke kafin fata ta taɓa ƙarfe. Hatimin bai san girgije ba, hannun mutum ya sani.

Baffa Ilu ya shafa ƙarfen, ya gama addu'arsa a tsanake, ya waiwayo. "Tasi'u, abin naka kunya gare shi ne? Ina zuwa ya yi shiru."

Kafin azahar ma'aikatan hukumar suka iso, suka ce za a rufe injin, a karɓe wa Tasi'u lasisi. Shi da ya tatsi girgije yau da safe, yana durƙushe cikin caɓi, hawaye na zuba, ya riƙe hannun baffansa gam yana jin ɗuminsa.