Jar Fitilar Tudun Dolmok

Magariba ta kawo jiki. Seok Mi-ran ta gama jera shinkafa da miyar waken suya da kimci, kabejin nan da ake tsimawa da yaji, a kan ɗan gajeren teburi, ta leƙa tsakar gida inda mijinta, Pyo Sang-cheol, yake durƙushe yana goge madubin hangen nesansa kamar mai wanke jariri.

"Baban Da-som, ka shigo ka ci tun da zafi, ko taurarin ne za su ɗumama maka?"

Bai kai ga ba ta amsa ba wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ƙarar ta cika gidan, abin ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da ƙafarsa. Dutse ne kamar dunƙulen hannu, da gansakuka a gefe guda, ga sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga ƙanƙara, alhali ranar an sha zafi. Ya ɗaga kai. Layin shiru, ko kare babu. Na biyu ya zo ya fasa babbar randar yajin barkono da ke jikin katanga, jan yajin ya malale a ƙasa.

A ɗaki, 'yarsu Da-som, budurwa mai shirin shiga jami'a, ta ajiye cokali ba ta ci komai ba. Ta tashi ta kunna fitilar falo, ta kunna ta kicin, ta bayi, firji ma ta buɗe shi don fitilar ciki, ta bar shi a buɗe. Sannan ta tsaya a ƙarƙashin ƙwan falon, ta ɗaga fuska, ta zuba masa ido ba ƙiftawa.

"Sanyi nake ji," ta ce. Muryar ba tata ba ce, ta wata baƙuwar mace ce.

Sang-cheol shi ne shugaban ƙungiyar masu kallon taurari ta garin. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, sauran kuwa akwai mai kantin magani, da direban bas, da ma'aikatan gunduma. Shekara da shekaru haske yana korar su. Sun bar bakin teku saboda fitilun jiragen kamun kifi, sun bar gindin tsauni saboda rumfunan leda da manoma ke haskawa har asuba. Wanda bai taɓa kallon sama ba zai ce ƙwan lantarki ɗaya ba komai ba ne. Amma ido sai ya daɗe a duhu yake buɗewa sosai, kuma farin haske ko na ƙiftawa ne yana mayar da shi baya. Jan haske kaɗai ne ba ya ɓata shi, shi ya sa duk mai wannan sha'awa da jar cocila yake yawo.

A Tudun Dolmok suka sami duhun da suke nema. Suka yi ta zarya wurin mai garin ƙauyen da ke ƙasa, da kwalaben giyar shinkafa da rusunawa, har aka yarda a sa wa fitilun titi huluna su kalli ƙasa. Masu auna duhu daga gunduma sun sa ranar zuwa, kuma in wurin ya ci, za a keɓe shi da doka, ba mai ƙara kafa fitila. Abu ɗaya ya rage: wani farin ƙwai a kan sanda, can a ƙoli, kusa da tsohuwar bishiya da tarin duwatsun da matafiya ke ɗora wa dutse in za su wuce. Mai garin, wanda bai daɗe da dawowa daga birni ba, ya ce shi dai ya tarar ana kunna fitilar, tsofaffin da suka san dalili sun mutu ko suna gidan kula da tsofaffi. Sang-cheol mutum ne mai ladabi, bai so a ce ya kashe fitilar mutane ba. Sai ya yi dabarar da ya yi ta alfahari da ita a taron ƙungiya: ya sayi jan ƙwai. Da-som ce ta hau ta sauya, don ita ce mara nauyi.

Tun daga magaribar ranar, wadda dutsen farko ya faɗo, gidan bai sake ganin lafiya ba. Da rana Da-som takan kwanta kamar gawa. Da zarar inuwa ta fara tsawo, duwatsu su fara sauka, ita kuma ta miƙe. Ta yayyaga jan labulen ɗakinta da haƙora. Ran da uwarta ta manta ta ɗaura jan ƙyallen girki, yarinyar ta damƙi gashinta ta buga kanta da bakin murhu har goshi ya tsage. Sang-cheol ya riƙe ta ta baya, ta kama yatsunsa biyu ta lanƙwasa, ya ji ƙarar karyewarsu kafin ya ji zafin. A asibiti aka ɗauki hoton kan Da-som, aka auna jini, aka ce ba a ga komai ba, aka ba su ƙwayar barci. Ta haɗiye ta kwana a tsaye a ƙarƙashin ƙwan falo, idanunta sun yi jawur suna zubar da ruwa.

Chu Gil-nam, direban bas ɗin nan, mataimakinsa a ƙungiya, ya zo dubiya da yamma da kankana a hannu.

"Shugaba, gajiyar karatu ce. Tawa 'yar ma lokacin jarrabawa ta jefe ni da takalmi, kuma na ci sa'a ba ta iya saiti ba."

Dutse ya shigo ta tagar da take a rufe, gilashi ya watse, ya same shi a gira. Jini ya rufe masa rabin fuska. Yana dafe da wurin ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya juya shi, ya ga ɗigon kakin kyandir a jiki. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Shugaba, wannan na tarin Dolmok ne."

A daren suka iske Da-som ta ɗora manyan yatsunta a kan idanunta tana dannawa a hankali, kamar mai gwada nunar 'ya'yan itace. Suka ɗaure hannayenta da zanen gado. Mi-ran ta dubi mijinta, goshinta a kumbure.

"Ilminka ya ƙare nan, Baban Da-som. Gobe zan ɗauko Iya Bang."

Iya Bang mansin ce, mai kiran iskoki, tsohuwa ƙarama mai busasshiyar murya, wadda ta gaji aikin daga uwar rainonta ta kuma haddace waƙoƙin kira da ba a gama su a wuni guda. Ta iso da la'asar sakaliya tare da makaɗinta, wani dattijo mai ganga. Ta sa aka jera shinkafa da tuffa da farar waina a kan teburi, ta ɗora jar riga a kan kayanta, ta ɗauki ƙararrawa da mafici. Rana na faɗuwa ganga ta fara. Ta ɗebi jan wake, wanda kowa ya san da shi ake korar iska, ta watsa a kusurwar ɗaki.

Zanen gadon ya tsinke. Da-som ta yi tsalle ɗaya ta haye teburin, ta shaƙe tsohuwar, ta yi ƙasa da ita tana yagar rigar. Maza uku, Sang-cheol da makaɗin da Gil-nam da ya dawo taya su, suka taru kafin su ɓamɓare ta, makaɗin ya bar haƙori ɗaya a ƙasa. Iya Bang ta zauna tana tari. Ta dubi tsumman jar rigar, ta dubi waken, sannan ta cire rigar ta jefa waje, ta rage daga ita sai farin kaya.

"Na kori iskoki da ja tun ba a haife ku ba, suna gudu ne. Wannan faɗa take yi, kamar wadda aka riga aka kora da shi. Wa ya sa mata ja a ƙofa?"

Sang-cheol ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa.

"Malamin makaranta," ta ce. "Uwarka ba ta taɓa shafa kunun jan wake a ƙofa ranar tsakiyar hunturu ba? Don wa kake tsammani take yi? Da kashe fitilar ka yi, da ta zauna a duhu ta jira. Kai kuwa korar ta ka yi daga wurinta."

Ta juya ga yarinyar, wadda Gil-nam da makaɗin suka danne a ƙasa. Ta kaɗa ƙararrawa a hankali, ta sassauta murya.

"Baiwar Allah, wace ce ke?"

Ɗakin ya yi sanyi har numfashi ya fara fita kamar hayaƙi. Duwatsu suka tsaya. Bakin Da-som ya buɗe, maganar ta fito da irin harshen mutanen tsauni na da.

"Daga kasuwa nake. Ƙanƙara ta rufe hanya, ga goyo a bayana. Na ce in na ga fitilar gidanmu na tsira. Ban gan ta ba. Da bazara suka tono mu. Mijina ya kunna mini aci-balbal a ƙoli, jikokinsa suka mayar da ita ta lantarki. A nan nake zama, in sa yaron a haske. Sai wannan ta hau ta sa mini wuta mai ƙuna. Na biyo ta."

"An yi kuskure. Yau za a mayar miki da farar fitilarki."

Iya Bang ta dubi Gil-nam. Shi kuwa ya juya ga Sang-cheol, hannunsa har yanzu a kafaɗar yarinyar.

"Shugaba, in farin ƙwai ya koma, masu awo za su kayar da mu. Duk wahalar nan..."

"Ɗauki ƙwan bayi ka tafi," in ji Sang-cheol.

Gil-nam ya kwance ƙwan ya fita, aka ji tashin motarsa. Sang-cheol ya karɓi wurinsa, ya danne 'yarsa da hannunsa mai lafiya. Iya Bang ta yi ta lallashi: za a ɗinka mata rigar auduga mai kauri, a ƙona mata takalma, a ajiye wa yaron shinkafa duk shekara. Muryar ta yi dariya.

"Fitilar da hannu ya ɗaura, hannu zai kwance. Na gani da idona. Na sami guda biyu a nan, sababbi, masu haske. Da su zan tafi."

Hannun Da-som ya kuɓuce ya nufi idanunta. Mi-ran ta faɗa a kai ta cusa nata hannun a tsakani, farcen ya tsaga mata fata har wuyan hannu.

"Yarinyar aike ta aka yi," in ji Iya Bang. "Ba a kama ɗan aike. Ke ma uwa ce."

"To wa ya aike ta?"

Sang-cheol ya ɗago kai. "Ni ne. Ki ɗauki nawa."

"Biyu sun yi yawa a kan ƙwai ɗaya," Iya Bang ta yi sauri ta ce. "Ƙwai ɗaya aka cire, ɗaya za ki karɓa. In kin ƙi, in kira sarkin iskokin tsaunin nan ya raba mu, kin kuwa san ba zai bar ki a ƙolinsa ba."

Aka ji ruwa yana ɗiga daga firjin da ke buɗe.

"Ɗaya," in ji muryar. "Wanne?"

Shekaru fiye da na 'yarsa ya yi yana koya wa idonsa na dama ganin abin da ke ɓoye a duhu, har ya kai yana hango ƙurar taurarin da matasan ƙungiya ba sa gani. Na hagun rago ne, tun yana yaro.

"Na hagu," ya ce.

Fuskar 'yarsa ta yi wani murmushi da ba nata ba. "Yarinyar nan ta san wanda kake rufewa in ka sunkuya a kan ƙarfen kallon taurarinka. Tana nan ciki, tana jin ka."

Kunya ta kama shi fiye da tsoro. Ya saki kafaɗarta, ya gyara zama a kan gwiwoyinsa, ya cire tabarau ya miƙa wa matarsa. Ya sa hannu ya rufe idon hagu.

"Baban Da-som," in ji Mi-ran.

Babban yatsan Da-som ya shiga idon dama da ƙarfin da ba na mutum ba. Ya ga wani farin haske ya fashe, sannan ɗumi ya gangaro masa har wuya. Bai san ya yi ƙara ba sai da ya ji ta tana dawowa daga bango. Makaɗin ya ci gaba da kiɗa da jini a bakinsa, Iya Bang tana waƙar rakiya. Ana cikin haka wayar Mi-ran ta yi ƙara, muryar Gil-nam ta fito: fitilar ta kama, fara fat.

Ƙofar falo ta buɗe da kanta. Wani sanyi ya ratsa tsakaninsu ya fita, aka ji kukan jariri siriri yana nisa, yana hawa wajen tsauni. Da-som ta zube.

Kafin motar asibiti ta iso, Mi-ran ta kawo ruwan ɗumi a kwano. Ta wanke hannun 'yarta yatsa bayan yatsa, ta yanke farcen har nama, ta sauya mata riga, ta ƙona tsohuwar rigar a bayan gida.

Washegari da hantsi Da-som ta shigo ɗakin da aka kwantar da shi, tana riƙe da hannun uwarta. Idanunta biyu garau, sai ɗan ja a gefe. Ta ce yunwa take ji kamar ta yi wata ba ta ci ba, kuma ba ta tuna komai tun ran da suka yi miyar waken suya. Sai ta ga bandejin da ya naɗe rabin kansa. Ta tsaya cak.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Mi-ran ta kau da kai wajen taga. Sang-cheol ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya don ya same ta da idon da ya rage. Ya kama hannunta na dama, ya riƙe shi a ƙirjinsa.

"Santsi ne ya kwashe ni a bayi," ya ce. "Je ki ci abinci."