Nas ɗin Kwali

A motar Gwaram zuwa Birnin Kudu Jannat ta fara ganin Ikrima. Ya matsa mata gefen taga, kafin su sauka ya san 'yar garin Sara ce, burinta ta zama nas mai karɓar haihuwa. Wata bai cika ba ya koma kiranta Hasken Idona.

Makarantu biyu ke gabanta. Ɗaya jami'a ce, ga tsada ga shekaru. Ɗayar sabuwa ce mai zaman kanta, kuɗi kaɗan, shekara biyu an gama. Ashiru, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, shi ke nemo wa sabuwar ɗalibai.

Ikrima ya turo mata saƙo:

"Hasken Idona, ki bincika ko hukumar nas-nas ta san da makarantar nan. Araha ba ta ado. Yayata Kubra irinta ta yi, har yau babu asibitin da ya ɗauke ta."

Da Ashiru ya ji, ya wuce wurin mahaifinta, Malam Hadi. "Baffa, so yake ta tsufa a aji har ya tara sadaki."

Ranar da Ikrima ya zo gaisuwa, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Kai mai sayar da taki, me ka sani game da boko?" in ji Malam Hadi. "Garkena kake so in ƙarar? Fice min daga zaure."

Jannat ta biyo shi waje, ya juyo da murmushi yana zaton haƙuri za ta ba shi.

"Baƙin ciki ne kawai," ta ce. "Don yayarka ta tashi a tutar babu, kake so kowa ya bi ta. Kar ka sake kirana."

Bai kuwa sake ba.

Malam Hadi ya sayar da bijimi, Jannat ta shiga sabuwar makarantar. Ana saura kaɗan su gama, hukuma ta garƙame ta. Jannat ta tsaya bakin ƙofa cikin fararen kaya tana kiran Ashiru a waya.

"Ni na ɗaure ki na kai ki?" ya ce, ya kashe wayar. Kafin kaka ya auri wata.

A Sara aka laƙaba mata Nas ɗin Kwali. Ranar da maƙwabciyarsu ke naƙuda Jannat ta shiga da gudu, uwar mijin ta tare ƙofa. "Kar ki taɓa min suruka. Je ki gwada a kan awaki." Mata suka kwashe da dariya. A gida kuma Malam Hadi ya daina amsa gaisuwarta, wai ta cinye masa bijimi a banza.

Sai da ta sha kuka ta gaji, sannan ta rubuta wa Ikrima: "Ka yi gaskiya. Ka yafe min."

Amsar ta jima kafin ta zo. "Maganarki ta yi min ciwo, Jannat, har yanzu tana yi. Amma na kasa son wata. Za ki iya fara karatun daga farko?"

"Zan iya, Masoyina."

Wannan karon manyansa ya turo. Malam Hadi ya amsa, kansa a sunkuye.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, 'yan gulma na ta ƙus-ƙus wai amarya za ta koma aji ɗaya da ƙannenta. Inna, mahaifiyar Jannat, ta riƙo hannunta ta damƙa wa Kubra.

"Ga amana. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa wata rana masu dariyar nan su yi layi a ƙofarta."

Kubra ta ce, "Amin, Inna."