Ƙyallen Da Ya Ƙi Cin Rini

Twila ta shigo gida da yamma, ta zare takalman aiki a bakin ƙofa, ta zube kan kujera ko jaka ba ta sauke daga kafaɗa ba. Awa goma sha biyu ta yi a tsaye a gidan kula da tsofaffi, ɗaga wannan juya wancan, bayanta kamar an daka. Ga teburin cin abinci kuma cike da fararen ƙyallaye, leda huɗu, kowace da sunan wadda ta aiko. Denzil, wanda za ta aura, yana kicin ɗinta yana juya wake a tukunya. Ya leƙo da fara'arsa, riƙe da leda ta biyar.

"Ta Mama ta iso. Ban faɗa miki za ta sauko ba?"

Twila ta karɓa ta buɗe. Zanen gado ne sabo fil, fari tas, mai santsi.

"Ita da kanta ta ba ka?"

"Da hannunta. Har cewa ta yi a gaishe ki."

Dangin Denzil, wato dangin Combs, mutanen kan tsaunukan gabashin Kentucky a Amurka, suna da wata al'ada tasu ta gida da ba sa wasa da ita. Duk macen da za ta shigo cikinsu, kowace matar dangi za ta aiko mata da farin ƙyalle daga ɗakinta. Amarya ta yayyanka ta harhaɗa, ta ɗinka fuskar bargon aure. Idan 'ya'yan itacen walnat, masu ɓawon da ke rini, sun zubo da kaka, sai a dafa ɓawonsu a tsoma ɗinkin a ciki, ƙyallayen su fito launi ɗaya, alamar an zama abu guda. Daga nan uwar ango ta soka ɗinkin ƙarshe a kusurwa, sannan a sa rana a coci. In ba ta soka ba, sai wata kakar.

To, an riga an yi wata kakar. Bara Misis Ardith, mahaifiyar Denzil, cewa ta yi itatuwan ba su zubar da isasshen ɓawo ba, alhali mutum ba ya iya taka tsakar gidanta bai zame a kansu ba. Kowa ya san dalilin. Twila 'yar birni ce, a Dayton aka haife ta, kuma ta taɓa aure ya mutu. Shi kuwa Denzil shi kaɗai ne ɗa, ramin kwal ya cinye ubansa tun yana ƙarami, ba ya iya ɗaga ƙafa ba da yardar uwarsa ba. Twila tana son sa har cikin ranta, amma shekarunta talatin da huɗu, ta gaji. Ta riga ta gaya wa kanta ba za ta jira kaka ta uku ba.

Washegari ta tafi aiki da ƙyallayen don ta riƙa yanka a lokacin hutu. Cikin tsofaffin da take kula da su akwai Kaka Oleta, mai shekara casa'in da ɗaya, wadda ta ƙarar da idanunta a ɗinkin barguna. Tsohuwar ta miƙo hannu ta dinga murza ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai kan zanen Ardith sai ta tsaya.

"'Yar nan, tura ni baranda. Ki aro ashana wurin mai girki."

"Kaka, kin san an hana ki taba."

"Wa ya ce miki taba? Tura ni dai, sarkin surutu."

A baranda ta sa Twila ta yago ɗan gefe daga kowane ƙyalle ta kunna masa wuta. Huɗun farko suka ci da sauri, da ƙauri irin na takarda, suka bar toka mai laushi da ke bajewa a yatsa.

"Auduga ke nan," in ji tsohuwar. "Ita ce mai shan rini. Kawo na ƙarshen."

Na ƙarshen bai ci ba. Naɗewa ya yi yana gudun wutar, ya narke da baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama kamar tsakuwa.

"Zaren roba ne zalla. Ko kwana uku ya yi a tukunya, kina ɗauraye shi zai koma fari."

Twila ta ɗauki dunƙulen ta sa a aljihu. "Wataƙila ba ta sani ba."

Kaka Oleta ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ardith? Ni na koya mata wannan gwajin tana 'yar shekara goma sha biyu."

Da aka tashi daga aiki, Twila ta daɗe cikin motarta ba ta tayar ba, hawaye na bin kumatunta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba don yadin ba, don gaisuwar da aka haɗo shi da ita. In ta cire zanen, za a ce ta raina kyautar uwar miji. In ta musanya shi da auduga a ɓoye, Ardith za ta gane, ta kira ta maha'inciya. In ta sa shi yadda aka saba, bargo zai fito dabbare-dabbare a gaban dangi, a ce alama ta nuna. Saura hanya ɗaya, ta kai wa Denzil dunƙulen robar nan ta ajiye masa a tafin hannu.

Ta kusa yin hakan. Da ta isa gida ta tarar da shi yana gyara mata famfo, dunƙulen yana aljihunta, yatsunta a kansa.

"Kin san me?" ya ce daga ƙarƙashin famfon. "Jiya na ji Mama tana waƙa a kicin. Rabon da in ji haka tun ina yaro. Ina ganin hankalinta ya kwanta da mu."

Twila ta dubi ƙafafunsa da suka leƙo waje, safa ɗaya a huje. Ta zare hannunta daga aljihu.

"Ka fito ka ci abinci," ta ce. "Burodin masarar zai huce."

Sati uku ta yi tana ɗinki, kullum bayan aiki, da ranakun Lahadi bayan coci. Ta warware abin da ta fara, ta sake tsari daga tushe. Yatsunta suka yi kanta, wuyanta ya ƙage, sau biyu barci ya ɗauke ta a kan keken ɗinki tun rana ba ta faɗi ba. Denzil ya yi ta tambaya ko lafiya, ita kuma ta ce gajiya ce kawai.

Ranar Asabar ɗin rini dangi suka cika tsakar gidan Ardith. An ɗora ƙatuwar tukunyar ƙarfe kan duwatsu, ruwan ɓawo ya yi baƙi ƙirin yana tafasa. Goggo Vonda, ƙanwar Ardith, ce riƙe da sandar juyawa, baki ba ya rufuwa.

"Amarya, kawo mu gani! In ce dai a birni ana koya wa mata riƙe allura?"

Twila ta miƙa ɗinkin, fari fat daga wannan gefe zuwa wancan, aka nutsa shi. Awa biyu ana juyawa ana shan kofi. Ardith tana zaune a baranda, hannaye a harɗe. Da aka tsamo aka ɗauraye har ruwan ya washe, mata huɗu suka kama kusurwoyi suka shanya a igiya.

Kowa ya matso kusa. Bargon ya fito ruwan ƙasa mai duhu, launi ɗaya ko'ina, sai tsakiyarsa. A nan ga wani babban tauraro mai tsini takwas, fari sol, kowane tsini daidai da ɗan'uwansa.

"Kai!" in ji Vonda. "Wannan ai roba ce. Wace ce ta aiko wa yarinya roba?"

Matan suka fara kallon juna. Denzil ya juya a hankali ya dubi baranda, don ya san zanen da ya ɗauko da hannunsa.

"Na Misis Ardith ne," Twila ta ce da sauri, muryarta a sanyaye. "Na ga ya fi sauran haske, na ce ba zan bari ya ɓace cikinsu ba. Ita ce uwar gidan nan, tsakiya ce wurinta."

Ardith ta sauko daga baranda, ta zo ta tsaya gaban bargon, ta shafa tauraron da yatsa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda Twila kaɗai za ta ji.

"Kin sani."

"Sati uku ke nan."

"Me ya hana ki gaya masa?"

"Da na gaya masa, dole ya zaɓi ɗaya cikinmu. Duk wadda ya zaɓa, rabin mutum za ta samu. Ni kuma na gaji, Misis Ardith, ba ni da ƙarfin faɗa da ke."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Shi kaɗai ya rage min. Na ɗauka za ki tafi da shi birni, ki bar ni da itatuwan nan."

"Ina zan kai shi? Mutumin da ba ya iya barci in bai ji haushin karenki ba?"

Ardith ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta kai hannu wuyan rigarta ta zaro allura, ta yago zare daga gefen ɗankwalinta ta zura. Bargon ko tsanewa bai yi ba ta kama kusurwa ta soka ɗinkin, ta ƙulla, ta datse da haƙori.

"Daga yau kar in sake jin Misis a bakinki," ta ce.

Haka haƙurin Twila ya biya ta. Da ta rama, da ta yi nasara a magana ta rasa gidan. Mai son shiga dangi ba ya shiga ta hanyar kunyata na ciki, kuma sau da yawa wanda ya cuce ka tsoro ne ya sa shi, ba ƙiyayya ba.

An ɗaura auren kafin sanyi ya sauka. Bargon yana kan gadonsu har yau, an wanke shi ba adadi, ruwan ƙasan ya ɗan koɗe. Tauraron Mama ne kawai bai canza ba.