Ɗan Doka a Ƙofar Baba Mainasara

A zamanin mulkin Turawa, an yi wata yarinya a Wurno. Maƙwabcinsu Baba Mainasara tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙin Bama da gyambo a ƙafa. Kullum ita ke kai masa kunu.

Wata safiya ta ga ɗan doka da jar hula da kulki, yana jan jaki. Ta sha jin yara na cewa ɗan doka ba ya zuwa sai kamu.

Ɗan dokan ya ce, "Ke ɗiyata, Mainasara na ciki?"

Ta ce, "A'a, ya tahi Kwargaba."

"Kwargaba? Da wagga ƙahwa tashi?" Ya daɗe yana sosa ƙeya. Can ya juya, ya kama hanyar Kwargaba.

Yarinya ta ruga ciki. Ta iske Baba ya sa babbar riga, yana zaune yana jira.

"Baba, ɓuya! An zo kama ka, amma na kore shi!"

"Kama ni? Mi niy yi?"

"Ban sani ba. Ɗan doka na, da jaki."

Baba ya dafe kai. "Wayyo! Ai Abdulƙadiri na. Shi ka kai ni ɗakin magani bisa jaki a wanke min gyambo."

Kan yarinya ya ɗaure. Ta koma gida ta ce, "Inna, ashe ɗan doka ba shi kama mutane?"

Inna ta ce, "Ɓarayi yaka kamawa. Baba ɓarawo na?"

Ranar ba a wanke gyambon ba. Ƙafa ta kumbura. Daga gidansu yarinya tana jin nishin Baba. Ta kasa cin tuwo.

Da la'asar Abdulƙadiri ya dawo, gumi sharkaf. Inna ta riƙo hannun yarinya har gabansa. Yarinya ta durƙusa.

"Kawu, ƙarya niy yi. Na zaci kama shi za ka yi."

Ya share gumi, ya yi murmushi. "Kin so ki cece shi, amma kin ƙara mishi ciwo. Da kin tambaye ni, da na gaya miki."

Washegari aka kai Baba ɗakin magani. Ba a daɗe ba kumburin ya saɓe.

Tun daga ranar yarinya ta gane: in ba ka san abu ba, ka tambaya. Ƙarya ba ta taimakon kowa, ko da niyyarka mai kyau ce.