Motar da Ba Ta Tsaya Ba

A ɗakin ajiyar kaya da yake aiki a unguwar Khumra ta Jidda, cewa ake yi Rafi'u kunne ne kawai. Mai gadi ya ce shekara biyu da hannu yake gaishe shi. Wasu kuma suka ce wani Ba'amurke marubucin finafinan yaƙi ne ya ɗauke masa hankali, don kullum da hutun rana yana bayan kwalaye shi kaɗai yana kallon hirarrakinsa a waya. Mutumin bai taɓa zuwa yaƙi ba. Tsofaffin sojoji yake zama da su, ya naɗi muryarsu, ya koma gida ya rubuta.

Rafi'u ma yana rubuta nasa labarin yaƙin. Wata Asabar ya kai shi shagon buga takardu a Sharafiyya. Yarinyar da ke kan na'ura ta miƙo masa shafukan da ɗuminsu, ta ce da Hausa, "Ya akhi, sojanka ya mutu a shafi na uku, ga shi kuma yana shan shayi a na tara."

Ya daɗe bai ji an tsokane shi da harshensa ba. Sunanta Sharifa, haifaffiyar unguwar Nuzla, iyayenta Hausawan Sudan ne.

Abin da bakinsa ya kasa, sai yatsunsa suka ɗauka a saƙon waya.

"Na gyara shafi na tara. Na binne shi da kyau. Yaya idon da ya gano shi?"

"Yana lafiya, marubucina. Gobe ka zo da sabon kuskure, na yi kewar ganin kunyarka."

"Haskena, duk littafin zan ɓata."

Bayan wata biyar ya fara zuwa gaida mahaifinta, Alhaji Badr, wanda ya tuƙa motar soja a yaƙin kudancin Sudan. Tsohon ya samu mai saurare, shi kuma Rafi'u ya samu inda ake ajiye masa kofin shayi. Wata la'asar Alhaji ya ba shi labarin ranar da aka buɗe musu wuta a hanya, ƙanensa Saif ya faɗo daga bayan mota, kuma yana ganinsa ta madubi bai taka burki ba, saboda mutum ashirin da ke ciki.

Wayar Rafi'u tana aljihu tana naɗa. Bai faɗa ba. Ya gaya wa kansa haka manya suke aiki.

Da ya gama sabon rubutun, mai ɗauke da labarin Alhaji, ya kai shago, ranar Sharifa ba ta nan. Thamer, ɗan baffanta da ya daɗe yana neman ta, shi ya buga. Ya karanta, ya buga kwafi biyu, ɗaya ya kai Nuzla.

Saƙonta ya zo da azahar: "Ko ummina ba ta taɓa jin labarin nan ba, Rafi'u. A takarda ta ji shi yau. Baba ya ce halas, wato maganarmu ta ƙare."

Mako shida ya koma bayan kwalaye. Ya daina kallon Ba'amurken. Wasiƙa uku ya rubuta wa Alhaji, masu kyau ƙwarai, duka suka dawo ba a buɗe ba. Ranar Juma'a yakan tafi bakin teku ya zauna yana kallon iyalai suna shimfiɗa darduma.

Sai ta sake rubuto masa: "Thamer ya turo iyayensa, na ce a'a, amma ba zan iya ta faɗa ni kaɗai ba. Baba da bakinsa ya ba ka labarin, yana kallon idonka. Yalla, habibi, kai ma ka zo da bakinka."

Ya je bayan sallar Juma'a. Ya durƙusa, ya ajiye wayar da takardun a gaban Alhaji. Tsohon ya daɗe yana kallonsu.

"A naka labarin, direban ya koma ya ɗauko shi?"

"A'a, Baba. Yadda ka faɗa na rubuta."

"Hm. Thamer ya ce matsoraci ka mai da ni. Na sa Sharifa ta karanta min. Ban ga haka ba." Ya tura masa wayar. "Goge."

Rafi'u ya goge a gabansa. Takardun kuwa Alhaji ya tura su ƙarƙashin matashi.

"Waɗannan nawa ne. Wa kake da shi a Jidda?"

"Ba ni da kowa, Baba."

"Limaminku na Khumra ya tsaya maka. Bayan babbar sallah za a ɗaura auren, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai riƙon amana." An ji motsin kofuna a bayan labule, inda Sharifa take. "Amma har yanzu ban ji abin da ya kawo ka ba."

Rafi'u ya ɗago kai. Muryarsa ta kai har bayan labulen.

"Baba, ka ba ni amana na ci. Na saurare ka da kunne biyu, ɗaya na ɗa, ɗaya na ɓarawo. Na yi laifi. Don Allah ka yafe min."