Kitse a Kan Dogo

"Shafa da kyau, ɗan iska! Ba kaskon uwarka kake shafa wa mai ba!"

Yayana Tiburcio ke nan, tsaye a kan Nabor da bindiga a kafaɗa. Rana ta ɗaga, amma gajimare bai bar dutsen ba. Nabor da wasu biyu, waɗanda ba zan faɗi sunansu ba don 'ya'yansu na raye, suna durƙushe a hawan Zopilote suna laɓta wa ƙarfen dogo kitsen shanu.

"Maigida," in ji Nabor, "ƙarfen nan rawa yake yi."

"Hannunka ke rawa."

"Na rantse da Budurwa Maryamu shi ne! Yana zuwa!"

Ba a fashi aka haife su ba. Masu alfadarai ne, kaka da kakanni. Su ke hawa da sukari da gahawa daga bakin teku, su sauko da azurfa, kuma a masaukina suke yada zango. Da can, tsakar gidan nan ba ka samun wurin sa ƙafa saboda dabbobi. Sai aka shimfiɗa dogo ta bayan dutse. Kayan da alfadari zai yi kwana da kwanaki yana nishi da su, jirgin ƙasa ya kai su kafin azahar. Hanya ta mutu, tukunyar wakena ta koma ƙarama. Tiburcio ya durƙusa a coci ya rantse cewa shi da jininsa ba mai taka baƙin jakin ƙarfen nan, a raye ko a mace. Ya koma tare kekunan doki. Ba a daɗe ba su ma suka daina bi, don fasinjojin duk sun koma jirgi.

Dabarar kitse ta Eulogio ce, aminin Tiburcio, wanda ya riƙe masa 'yarsa Casilda a coci ranar baftisma. Ya taɓa yin lebura a aikin dogo, saboda haka in ya yi maganar jirgi kowa shiru yake. Ina murza masara a ɗakin girki na ji shi yana cewa, "A hawa numfashinsa ƙarewa yake. Ku sa masa santsi ya tsaya cak, ku kwashe abin da kuke so. Ni zan riƙe muku dabbobi a sama."

Yayana ya gyaɗa kai. A saninsa, abin da ka tsayar a kan hawa tsayawa yake, ya kafe ƙafafu ya jira ka. Haka kowane alfadari ke yi. Ranar da suka sa kuwa ba su gaya mini ba, maza ba sa gaya wa mace rana. Sauran labarin daga bakin Casilda na ji shi, da bakin Nabor ta tagar kurkuku.

Ranar Alhamis ce.

A taragon ƙarshe, marar rufi, inda talakawa ke cunkusuwa da kaji da buhuna, Casilda na zaune da kwandon cuku a cinya. Kowace Alhamis haka take yi. Ta ce wa ubanta ta zo taya ni aiki, ta zagaya tasha, ta sayar da cukunta a kasuwar birni, ta dawo kafin rana ta faɗi. Cukun nan shi ke ciyar da gidan, uban kuwa yana zaton fashinsa ne.

"Ke 'yar Tiburcio, in tsohonki ya gan ki a nan fa?" wata mai kaji ta tsokane ta.

"Inna, ina zai gan ni? Ko hayaƙin ya hango tofar da yawu yake, ya juya baya."

A taragon kaya da ke gabansu, ƙofa a rufe, 'yan sandan karkara na tsugune cikin duhu. Saƙo ya iso musu ta wayar da ke bin dogo tun kafin kitsen ya narke a tukunya. Sajansu, Evaristo, ya share gumi.

"In ya tsaya, kada wanda ya yi motsi sai na ce."

"Ranka ya daɗe, in bai tsaya ba fa?"

"Rufe mini baki."

Jirgin ya shigo hawan yana haki. Ƙasa na girgiza. Nabor ya cusa fuska a ciyawa yana karanto sunayen waliyyai, wasu ma ƙirƙirarsu yake.

Ƙafafun kan jirgin suka taka kitse — fuuu! Suka shiga juyawa a wuri ɗaya. Tartsatsi! Tururi! Jirgin ya ja, ya ja, ya tsaya.

"Yanzu!" in ji Tiburcio.

Suka fito da ihu irin na tare keken doki. "Kowa ya kwanta rubda ciki! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

A saman taragu akwai mutum biyu, kowanne riƙe da wani zagayayyen ƙarfe. Nabor ya ɗauka masu gadi ne. Tau! Ɗaya ya faɗo. Ɗayan ya yi tsalle ya auka daji.

Masu birki ne. Ba wanda ya gaya wa su Nabor haka.

Sai ƙofar taragon kaya ta wage.

"Wuta!" in ji saja.

Tau! Tau-tau! Ɗaya daga mutanen yayana ya dafe wuya ya zube. Tiburcio ya faɗa bayan dutse, ya ɗaga kai sama inda dabbobi suke. Ba Eulogio, ba dabbobi, sai tsohuwar alfadararsa Canela da ta ƙi bin kowa.

"Ya sayar da mu! Maigida, shegen ya sayar da mu!" in ji Nabor.

Tiburcio kuwa wani abu yake kallo da ya fi harsashi ba shi tsoro. Jirgin yana motsi. Da baya.

A hankali ya fara, kamar mai shawara. Ƙafafun kan jirgin sun sha kitse, direba na ta jan ƙarfe yana zagi, ba abin da ya kama. A ƙasan hawan kuwa akwai kwanar da ke shiga gadar kwazazzabo, wadda ko da lafiya da rarrafe jirgi ke bin ta.

Mata suka sa kururuwa. Kaji suka tashi. Wani ya jefo jariri cikin ciyawa, ya biyo shi.

"Me ya sa bai tsaya ba?" Nabor na kuka sosai. "Ai mun tsayar da shi! Me ya sa bai tsaya ba?"

Taragon ƙarshe ya zo wucewa ta gaban dutsen. Wata yarinya ta miƙe riƙe da kwando, mayafinta ya zame.

"Baba!"

Na san yayana. Na ga ranar da alfadari ya karya masa haƙarƙari bai ce uffan ba. Nabor ya ce ƙarar da Tiburcio ya yi a lokacin ba ta mutum ba ce.

Ya yar da bindiga. Ya ruga a fili, harsasai na tona ƙasa a gefensa. Ya kama ƙarfen tarago — ya suɓuce, hannunsa duk kitse! Ya sake kamawa. Ƙafafunsa na jan tsakuwa. Casilda da mai kaji suka cafki rigarsa suka jawo shi ciki.

"Me kike yi a nan? Me kike —"

"Baba, birki! Ƙarfen can na sama! Murɗa shi ake yi!"

Ya haye. Iska na dukansa, itatuwa na wucewa da gudu. Ya kama zagayayyen ƙarfen ya murɗa. Jirgin ya ƙara wuta.

"Ba nan ba! Dama! Dama, Baba!"

Ya goge tafukansa a wando, ya murɗa dama. Ƙiiii! Ƙarfe ya ciji ƙarfe.

Saja Evaristo ya leƙo daga ƙofa, ya ga ɗan fashi a kan birki.

"Kwancewa yake! Zai kashe mu duka! Ku sauke shi!"

"Kada ku harba!" Casilda ta ɗaga hannu biyu. "Ubana ne! Ɗaurewa yake!"

Wa zai ji ta cikin wannan ƙara?

Tau!

Tiburcio ya durƙusa, bai saki ba. Ya rungume ƙarfen da ƙirji ya ƙara murɗawa. Tau! Wani fasinja mai sayar da tukwane ya gane abin da ake ciki, ya haye ɗaya taragon ya kama nasa birkin. Ƙarar ta cika kwarin. Gada na matsowa. Casilda ta ce har ruwan ƙasan kwazazzabon ta hango, ta rufe ido.

Jirgin ya yi wata girgiza, ya tsaya. Taragon ƙarshe na bakin gada.

Kaza ɗaya ce kawai ke kuka.

Da aka hau sauko da shi, ya riga ya cika. Sai da mutum biyu suka ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen.

Mai birkin da Nabor ya harba ya bar mata da ciki. Nabor ya tsufa a kurkuku, har ya mutu in ya ji usur ɗin jirgi sai ya toshe kunne. Eulogio kuwa kafin wata ya ƙare ya sa kakin 'yan sandan karkara, aka ba shi gadin tasharmu. Ya sha ganin Casilda tana hawa jirgi ranar Alhamis, kuma shi ya zaɓi ranar. Ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba.

A bakin gadar, saja ya cire hula ya ce a sa gawar a tarago a kai ta gari.

"A'a," in ji Casilda. "Ya rantse ba zai hau ba."

"Yarinya, ai ya riga ya hau."

"Bai hau ba. Tsayar da shi ya yi."

Canela ta sauko daga dutse da kanta. Casilda ta ɗora ubanta a bayan alfadarar, ta ɗaure shi da irin ƙullin da ya koya mata na buhun sukari, ta ja akala ta bi tsohuwar hanya. Ciyawa ta cinye hanyar, duk masaukan da ta wuce a rufe suke, ba wanda ya ba ta ko ruwa.

Washegari da la'asar ina zaune a ƙofa na ji ƙarar kofato a kan duwatsun hanya. Rabona da jin wannan ƙara har na manta. Don wauta, na miƙe da murna zan ɗora tukunya, na ce yau na yi baƙo.

"Gwaggo," in ji ta, "buɗe babbar ƙofa. Na kawo Baba."